Kwanonin Ƙofar Bayan Hamidu

Akwai mutumin da na kora daga Filinge, ban taɓa shi da hannu ba, ban kuma ɗaga masa murya ba. Sunansa Hamidu, mai gidan abinci a unguwarmu ta bayan tasha. Ku ɗiyana, manyan cikinku kun san shi, kun ci shinkafarsa. Ƙananan kuwa labarinsa kawai kuka ji, kuma daga bakina kuka ji shi. Shi ya sa nake so ku sake jinsa daga bakina yadda ya faru, tun ina da sauran hankalina. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, na koma facin taya, don haka kada ku duba kyan rubutu.

A lokacin ina da abu biyu da nake taƙama da su. Akwai fadata. Kullum aka sallame la'asar mazan unguwa sukan taru ƙarƙashin dogon yaron da ke gaban rumfata ta faci, in hura gawayi in ɗora shayi, ni ke zubawa, ni ke buɗe labari, ni ke yanke gardama. Sai kuma ciyayyar layinmu. Bayan magariba mu magidanta tara mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wana Garba, don shi ne babba, kowa ya fito da kwanon tuwon gidansa, a jera, a buɗe, a ci gaba ɗaya. Haka muka tarar iyayenmu na yi a ƙasarmu ta Kurfai. Ba a cewa kwanon wane ya fi nama, amma kowa ya san kwanon kowa, kuma magidancin da ya fito hannu wofi ya gaya wa duniya ke nan cewa ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Mutumin Kurfai ya gwammace ya aiko a ce zazzaɓi ya kwantar da shi.

Hamidu ya zo ne a shekarar da ta biyo bayan wadda ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi ido ba. Daga wani ƙauye arewa da Abala ya fito, lokacin da mutanen daji masu bindiga suka fara hana jama'a zama a garuruwansu, shi da matarsa Zalika da ɗiya uku. Ya kama hayar wani tsohon shago mai ƙofa biyu, ɗaya na kallon titi, ɗaya na buɗewa cikin lungu. Ya kafa rumfar zana a gaba, ya jera benci huɗu da buta da sabulu. Shinkafa da wake, dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, tuwo miyar kuka, ran kasuwa kuma farfesun kan rago. Hannun Zalika na da daɗi, ban taɓa musun wannan ba ko a lokacin da nake ƙinsu. Da damina ta yi tsaka, rumbuna suka soma zama wofi, sai Hamidu ya ɓullo da abin da ba mu saba gani ba. Daga sallame la'asar har kiran magariba farantin dala ɗari ya koma dala hamsin, shayi kuwa kyauta har zagaye uku, ga rediyo a rataye, ga zoɓo mai sanyi a randa. Mushe Sule, wani malamin lakwal, Bazabarme mutumin Damana da ke haya a unguwar, ya ce manyan gidajen abinci na Yamai na yin haka, har suna da sunansa da Faransanci. Mu dai muka sa masa suna la'asariyar Hamidu.

Cikin sati biyu fadata ta watse. Na yi kwana uku ina zama ni kaɗai da butar shayi, ina jin dariyarsu daga ƙetaren titi, ina gane muryar kowa. Rana ta huɗu na rufe rumfa na ƙetara. Mushe Sule ne ya fara hango ni.

"A buɗe hanya, ga sarkin fada ya zo gaida sabon sarki! Idi, gawayinka ne ya jiƙe, ko mutanenka ne suka yi faci suka gudu?"

"Na zo in ga abin da ke sa Bazabarme ya manta hanyar gidansa," na ce.

"Dambu ne, baba. Naka shayin ba ya tsaya wa ciki."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Hamidu ya taso da kansa ya share mini benci, ya miƙo mini kofin farko da hannu biyu, ya kira ni Malam Idi. Ba abin da ya yi mini sai girmamawa. Amma ina shan shayinsa ina jin kamar kuɗin gadona aka saya shi da su. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ƙiyayyar ta riga zargin zuwa. Na fara ƙinsa tukuna, sannan na shiga neman dalili.

Dalilin kuwa bai yi wuyar samu ba, domin a wancan lokaci kowa na cewa mutanen daji suna da kunnuwa a cikin gari, kafin su zo wa mutum sun san ranar da ya sayar da bijiminsa. Na zauna kullum a ƙarshen benci ina sa ido. Mutumin da ya gudo da tabarma da tukunya, ina ya samu abin rabon shayi kyauta? Ga shi da tambaya. Ba ya tsoma baki a gardamar kokawa ko siyasa, amma da an ambaci gidan wani sai ka ga ya matso da tire. Wa ya tafi cin rani? Ɗan wane da ke Kwatano ya aiko kuwa? Wa ya kai tunkiyarsa ta ƙarshe kasuwa? Yana tambaya a hankali kamar hira, ya gyaɗa kai, ya wuce. Wata rana na makara, na tarar abinci ya ƙare. Na leƙa ciki na ga wata babbar tukunya a kusa da ƙofar baya, cike da tuwo, tana tururi.

"Wancan hwa, Hamidu?"

"Wancan da masu shi, Malam Idi."

"Su wa?"

"Bari in sa a dafa maka ƙwai," ya ce, ya ja labule.

Washegari ban shiga rumfar ba. Na zagaya na tsaya bayan wata tsohuwar mota da ke bakin lungu. Lungun tsit, domin duk namijin da ke unguwar yana gaban shagon Hamidu. Can sai ƙofar baya ta buɗe, Zalika ta leƙo, ta duba dama da hagu, ta fito da babban daro a kanta an rufe shi da zane. Ta nufi arewa, wajen da gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Na bi ta daga nesa. Sau biyu tana waigowa. Da ta sha wata kwana na ƙara sauri, ina zuwa ban gan ta ba, kamar ƙasa ta haɗiye ta, ba abin da ke gabana sai darni da hatsi kore har daji. Na jira. Gab da magariba sai ga ta ta ɓullo ta wani lungun dabam, daron na ƙara a kanta, alamar kwanonin da ke ciki ba komai. Abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Sauran duk ni na cike shi da kaina.

Da na koma gida na gaya wa mahaifiyarku Rabi, Allah ya jiƙanta. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, ka fita harkar kwanonin nan."

"Kin san wani abu ne?"

"Na san kai mai faci ne, ba jandarma ba. Mi ya kai ka bin matar mutane cikin lungu da girmanka?"

"In aka zo aka yanka mu a kan gado, sai ki gaya mini mi ya kai ni."

"Na roƙe ka don Allah ka bari," ta ce. Ta tsayar da rariya ta dube ni. "Ban taɓa roƙonka wani abu irin haka ba."

Na ɗauki roƙon nata a matsayin tsoron mata. Ban fito fili na ce Hamidu na kai wa mutanen daji abinci ba, na fi haka wayo. Tambaya kawai nake yi, irin wadda ke ɗauke da amsarta. In wani ya kawo faci sai in ce, kai ka taɓa ganin ɗan kasuwar da ke son faɗuwa? A wurin ciyayya, ina tsoma hannu a kwanon wana Garba, sai in ce, ni dai ina mamakin inda daron Zalika ke zuwa. Garba da wasu biyu suka sunkuyar da kai, na ɗauka tsoro ne ya kama su. Kafin sati ya zagayo maganar ta dawo mini daga bakin wani direban motar garin Tabla, ta yi ƙiba. An ce an ga mutum huɗu da rawani suna karɓar daron a cikin hatsi. Na san ba wanda ya ga haka, amma ban gyara ba. Na ce, ka ji ko? Sannan na tafi wurin mai unguwa.

Aka tara mu a zauren mai unguwa da hantsi, magidantan layinmu duka da liman da Mushe Sule. Hamidu ya zo da ƙamshin hayaƙi a rigarsa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Mai unguwa ya sa na maimaita abin da na gani, na maimaita. Sannan ya juya gare shi.

"Hamidu, kai baƙonmu ne, ba mu son zaluntar ka. Daron ga, ina yake zuwa?"

"Ranka ya daɗe, cikin gari yake zuwa. Bai taɓa ƙetare gidan ƙarshe ba."

"Wane gida?"

"Ba ni iya faɗi."

"Ka san abin da ake zarginka da shi? Mutanen da suka kore ka daga garinku, su aka ce kana ciyarwa."

"Na ji. A kawo Alƙur'ani in dafa, ban san su ba, ba su san ni ba. Amma sunan gida, ko ɗaya ba ya fita bakina."

Mushe Sule ya fusata, ya ce, "Kai Hamidu, wane irin taurin kai ne wannan? Ka ambaci gida guda mu aika a tambaya, magana ta mutu!"

Hamidu ya ɗago ya dubi mutanen da ke zaune, bai tsayar da ido a kan kowa ba, ya mayar da kansa ƙasa. Wana Garba na jingine da bango yana jan carbi da sauri, gumi na zubo masa ko da yake da safen an yi ruwa. Na ga ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Ni kuwa na ce da ƙarfi, kun gani, mai gaskiya ba ya ɓoyo.

Daga ranar benci huɗun nan suka zama wofi. Hukuma ta kira Hamidu, ta riƙe shi kwana biyu tana tambaya, ba ta same shi da komai ba ta sake shi, amma sakin bai wanke shi a idon unguwa ba. Aka jefi rumfarsa da dutse. Mai shagon ya ce ya tashi ya ba shi ɗakinsa. Duk waɗannan kwanakin Zalika ba ta fasa fita da daronta ba, sai dai ta koma fita da tsakar rana lokacin da zafi ya kori mutane. Ran kasuwa suka ɗora tukwanensu a kan wata mota mai zuwa kudu. Ina zaune a rumfata suka wuce, Hamidu ya ɗaga mini hannu. Da la'asar ɗin ranar fadata ta cika, har aka aro benci. Na zuba shayi ina jin kaina kamar wanda ya ceci gari.

Bayan magariba na ɗauki kwanona na nufi ƙofar gidan Garba. Tabarma na shimfiɗe. Muka zauna muna jira, mu biyar, kwano biyar. Aka aiko daga gida ɗaya cewa maigidan zazzaɓi ya kama shi. Aka aiko daga na biyu, ciwon kai. Na uku ba a ma aiko ba. Garba, da muke zaune a ƙofar gidansa, bai fito ba. Na leƙa zaure na yi sallama, matarsa ta amsa daga ciki cewa ya kwanta. Ba hayaƙi a gidan, ba ƙamshin miya, sai kukan ƙaramin jikansa. Muka ci tuwo muka watse. Washegari ma haka, kwano biyar. Na koma gida na tarar da Rabi zaune, ba ta kunna fitila ba.

"Ka ƙirga kwanonin?" ta ce.

Na zauna a bakin ƙofa.

Ita ta warware mini komai. Da safe in mata sun tafi famfo, Zalika kan karɓi kwanonin gidajen da hatsinsu ya ƙare, kowane gida da nasa kwanon da aka san shi da shi. Da la'asar, lokacin da rahusa da shayi suka kwashe maza daga lungu, sai ta mayar da su cike. Ba ta ƙofar zaure take shiga ba, ta ƴan kafofin da mata ke yi a jikin darni tsakanin gida da gida take bi, shi ya sa ta ɓace mini. Da magariba maigida ya ɗauki kwanonsa ya fito ciyayya kamar kowa, sauran ya ishi yara. Hatsin kuwa, wasu ƴan kasuwa biyu ne ke bayar da shi a ɓoye, Hamidu da matarsa suka ɗauki aikin. Tambayoyin da yake yi, gidan da za a ƙara yake nema. Zalika ta gaya wa mata cewa lokacin da suka gudo sun yi wata uku suna bin layin rabon abinci, ana kiran sunan Hamidu da lasifika yana fitowa da kwano a hannu, shi da yake da rumbu uku a garinsu. Ya rantse in Allah ya ba shi iko ba zai bari a yi wa wani magidanci haka a gabansa ba.

"Duk matan unguwar ga sun sani," in ji Rabi. "Ku maza kuna can kuna shan shayi."

"Don mi ba ki gaya mini ba?"

"In na gaya maka da hantsi, kafin la'asar fada ta ji gidan Yaya Garba ba hatsi. Ƙarya nake?"

Ba ƙarya take ba. Ina da buhu shida a ɗaki a wannan daminar, kuma wata biyu ina cin tuwon Hamidu a kwanon ɗan'uwana ina zagin Hamidu, ban taɓa tambayar ɗan'uwan nawa yadda yake kwana ba. Na ambaci Garba a nan don ya rasu kuma matarsa ta yarda. Sauran gidajen ba zan faɗa ba, kada kuma ku bincika. Da asuba na kai buhu biyu gidansa. Ya karɓa, don akwai yara, amma bai dube ni ba.

"Kai ka yi magana, ni na yi shiru," ya ce. "Ban san wanda Allah zai fara tambaya ba."

Bai sake fitowa ciyayya ba har ya bar duniya. Sauran ukun ma ba su dawo ba, domin kowa ya gane, kuma sun san an gane. Kafin kaka aka naɗe tabarmar. Abin da iyayenmu suka bar mana, a hannuna ya mutu.

Sai da na yi shekara uku kafin in iya shiga motar Damana, inda Mushe Sule ya ce mini su Hamidu suna zaune. Na sami Hamidu a gefen kasuwa da tukunya ɗaya da benci ɗaya, ya rame, gemunsa ya yi fari. Zalika na ganina ta juya baya ta ci gaba da wanke-wanke, har na tafi ba ta amsa gaisuwata ba. Shi kuwa ya zubo mini shinkafa da wake ya ce sai na ci za mu yi magana. Na ci da ƙyar. Na ce na zo neman gafara.

"Tsakanina da kai na yafe, Malam Idi. Amma ɗiyana har nan maganar ta biyo su. Ka koma inda ka faɗe ta ka janye ta."

"Zan tara mutane in gaya musu inda kwanonin ke zuwa."

"A'a. In haka nake so, da na faɗa a zauren mai unguwa na zauna a shagona. Ka ce ƙarya ka yi mini, ka tsaya nan."

Na ce to. Na dafa hannunsa na ce to. A cikin mota ina ta shirya kalmomin. Amma da na sauka Filinge na hango fadata cike ana jirana in zuba shayi, sai na ce bari sai Juma'a. In tsaya gaban mutanen nan in ce ni maƙaryaci ne, ba tare da wani bayani da zai rage mini nauyi ba, abin ya fi ƙarfina. Juma'a ta zo na ce sai bayan Salla. Mahaifiyarku ta tuna mini sau biyu, na uku ta ce ba za ta ƙara ba. Har ku na zaunar na ba ku labarin yadda na tona asirin ɗan leƙen asiri, bayan na san gaskiya, don na ga kuna kallona da girma in ina faɗa. Wannan ya fi na farkon muni, kuma ku na yi wa shi.

Bara aka aiko mini cewa Hamidu ya rasu. Juma'ar da ta biyo baya, da liman ya sallame, na dafa sandata na miƙe a ƙofar masallacin unguwa na ce jama'a su dakata. Na ce, ni Idi mai faci, ƙarya na yi wa Hamidu mai abinci, bai taɓa kai wa kowa komai a daji ba, ku shaida. Na tsaya nan kamar yadda ya ce. Mutane suka yi ta duban juna, wasu na neman takalmansu. Wani magidanci da bai daɗe da tarewa a unguwar ba ya tambayi na kusa da shi, wane ne Hamidu?

"Wanda ke kai wa ƴan daji abinci mana," aka ce masa. "Tsohon ga ne ma ya kama shi. Tsufa ne ya sa yake jin tausayi."

Na ɗaga murya na sake faɗa, amma an riga an fara watsewa.